IDAN AKA KAI WASIYYA KOTU, YAYA RABON GADO ZAI KASANCE?

(Wannan jawabi ne da aka yi wa ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci, maza da mata. Mun buga shi domin amfanin masu karatunmu.)



 Ina godiya ga malamanku da suka ba ni wannan dama. Yau za mu yi magana a kan abin da ya shafi kowane gida, wato wasiyya da rabon gado. Babu gidan da ba a mutuwa. Kuma da wuya mamaci ya tafi bai bar komai ba, ko da fartanya ce da akuya ɗaya.

Ga tambayar da za mu amsa. Mutum ya rasu ya bar wasiyya. Wasu daga cikin magada suka ce ba su yarda da ita ba, suka kai ƙara. To, me zai faru da dukiyar?

Amsar ita ce, rabo zai tsaya. Iyakar abin da wasiyya za ta iya ɗauka kashi ɗaya ne cikin uku. Amma jiran hukunci yana taɓa dukiyar gaba ɗayanta. Ku riƙe wannan magana, domin a kanta jawabin zai tafi.

MECE CE WASIYYA?

Wasiyya ita ce mutum ya ce, ko ya rubuta, cewa bayan ransa a ba wane abu kaza daga cikin dukiyarsa. Ba ta aiki sai ya rasu. Muddin yana raye, yana da ikon ya canza ta ko ya soke ta.

Gado kuwa daban ne. Shi Allah ne ya raba shi da kansa. Bayaninsa yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Mutum ba shi da ikon ya ƙara wa wani magaji, ko ya rage wa wani.

Shari'a ta yi wa wasiyya iyaka biyu. Ta farko, kada ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku. Sahabi Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya yi rashin lafiya mai tsanani, ya nemi ya bayar da mafi yawan dukiyarsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai amince masa ba sai sulusi. Iyaka ta biyu, ba a yi wa magaji wasiyya, domin shi yana da rabonsa tun asali.

ME YA SA RABO KE TSAYAWA?

Idan mutum ya rasu, ana bin dukiyarsa daki-daki, kamar hawan tsani.

1. A fitar da kuɗin likkafani da hidimar jana'iza.
2. A biya bashin da ake binsa, har da sadakin matarsa idan bai cika ba.
3. A fitar da wasiyya daga sulusin abin da ya rage.
4. Sannan a raba wa magada sauran.

Kun ga wasiyya tana mataki na uku, magada suna na huɗu. Ba a sanin rabon kowa sai an san nawa wasiyya za ta ɗauka. Saboda haka da zarar an kai ƙara a kan mataki na uku, na huɗu ya tsaya. Alƙali kan hana a sayar da gona ko gida ko dabba daga cikin dukiyar har sai ya yanke hukunci. Wanda ya sayi abin da ake shari'a a kansa, ya sayo wa kansa rigima.

DALILAN DA KE SA A ƘI WASIYYA

Ba a zuwa kotu a ce kawai, “Ni dai ban ji daɗi ba.” Alƙali dalili yake nema. Ga manyan dalilan da shari'a ke saurara:

Na ɗaya, wasiyyar ta wuce sulusi.

Na biyu, magaji aka yi wa ita. Misali, uba ya ce babban ɗansa ya riƙe gonar fadama shi kaɗai, ban da rabonsa na gado.

Na uku, mamacin ba ya cikin hankalinsa lokacin da ya yi ta. Wataƙila ciwo ya yi zafi har ba ya gane mutane.

Na huɗu, tilasta masa aka yi, ko kuma takardar ta jabu ce.

Na biyar, babu shaidu. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Musulunci na ƙasar nan ke bi, takarda ita kaɗai ba ta isa ba. Ko da an tabbatar rubutun hannun mamaci ne, idan bai kafa shaidu ba, bai kuma ce a zartar da ita ba, ba za a zartar ba. Dalili shi ne, mutum kan rubuta abu sannan ya canza shawara.

Na shida, mamacin ya soke wasiyyar kafin ya rasu.

Akwai kuma wata rigima mai kama da wannan, wadda ta yi yawa a karkara. Wani zai tashi ya ce, “Ai Baba ya ba ni gonar nan tun yana da rai.” Wannan kyauta ce, hukuncinta daban ne da na wasiyya. Alƙali zai tambaya: ka karɓi gonar ka riƙe ta tun yana da lafiyarsa? Idan ba ka karɓa ba har ya rasu, kyautar ta faɗi, gona ta koma cikin gado. Idan kuma a kan ciwon ajali ya yi kyautar, hukuncin wasiyya za a yi mata.

YADDA ALƘALI KE SAURARON ƘARA

Mai ƙara zai je wurin magatakardan kotu ya shigar da ƙara, ya biya kuɗi. Ku riƙa karɓar rasit a kan duk abin da kuka biya. Daga nan a aika sammaci ga sauran waɗanda abin ya shafa.

Alƙali zai fara da sanin su wane ne magada, da abin da mamaci ya bari, da bashin da ke kansa. Sannan ya juya kan wasiyya. Ƙa'ida ita ce, wanda ya yi da'awa shi ne zai kawo shaida. Wanda ya ce an yi masa wasiyya, shi zai tabbatar da ita.

A sha'anin dukiya, ana karɓar shaidar maza biyu adilai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa. Ba a karɓar shaidar wanda zai ci moriyar abin. Uba ba ya yi wa ɗansa shaida, ɗa ma ba ya yi wa ubansa. Ɗaya ɓangaren yana da damar sukar shaidun da aka kawo. Kafin hukunci, alƙali zai tambayi kowa ko yana da sauran magana ko wata hujja. Wannan shi ake kira i'izari. Idan aka zo nan, kada kunya ta hana ka faɗin abin da ke bakinka.

HUKUNCI IRI UKU

Bari mu yi misali da shanu, don lissafin ya yi sauƙi. Mu ɗauka wani magidanci ya rasu. Bayan an biya jana'iza da bashi, shanu 24 suka rage, kuma duk kuɗinsu ɗaya. Iyayensa sun riga shi rasuwa. Ya bar mata 1, 'ya'ya maza 2, 'ya'ya mata 3. Yana kuma da jika maraya, wanda ubansa ya rasu tun da daɗewa. Wannan jika ba shi da gado, domin baffanninsa sun kare shi. Saboda haka kakan ya yi masa wasiyya. Wannan wasiyya halal ce, kuma aikin alheri ne. Amma baffannin suka ce ba su yarda ba.

Hukunci na farko: alƙali ya tabbatar da wasiyya. A ce shanu 8 aka yi wa jikan wasiyya da su, kuma shaidu sun tabbatar. Shanu 8 su ne sulusin 24. Jika zai ɗauki 8, saura 16. Matar tana da tumuni, wato ɗaya cikin takwas, shanu 2. Kowane ɗa namiji 4. Kowace 'ya mace 2.

Hukunci na biyu: alƙali ya rage wasiyya. A ce shanu 12 kakan ya ambata. Wannan ya wuce sulusi. Ba a zubar da wasiyyar duka. Za a mayar da ita 8, rabo ya kasance kamar na farko. Ragowar 4 ba za su je wa jika ba sai magada sun yarda. Wanda ya yarda, daga nasa rabon za a cire. Wanda ya ƙi, ba a taɓa nasa. Yaro ƙarami kuwa, babu mai ikon ya yarda a madadinsa a rage masa rabo.

Hukunci na uku: alƙali ya soke wasiyya, saboda babu shaidu ko wani dalili. Sai a raba shanu 24 duka ga magada. Matar 3. Kowane ɗa namiji 6. Kowace 'ya mace 3. Jika ya tashi hannu wofi.

Yanzu ku kwatanta na farko da na uku. Bambancin shanu 2 ne ga kowane ɗa namiji. Saniya 1 ce ga matar, saniya 1 ga kowace 'ya mace. Wannan shi ne iyakar abin da za su samu idan sun yi nasara. Amma shanu 24 ne za su zauna jiran hukunci.

ABIN DA JIRA KE CI

Hausawa sun ce shari'a mace da ciki ce, ba a san abin da za ta haifa ba. Ba a kuma san ranar haihuwar ba. Ga abin da kan faru a lokacin jira.

Dabbobi suna cin abinci kullum. Wa zai sayi harawa da dusa da rani? Idan saniya ta mutu ko aka sace ta, asarar ta kowa ce.

Damina ba ta jiran kotu. Gonar da ake rigima a kanta, ko ta zauna saura, ko wani ya noma ta ya cinye amfanin shi kaɗai. Daga nan an sami sabuwar ƙara a kan amfanin gona. Gidan ƙasa kuma, idan babu mai yaɓe, ruwa zai zubar da shi.

Kuɗi suna rage daraja. A shekarar 2024, tsadar kaya a Nijeriya ta ƙaru da fiye da kashi 30 cikin 100 a shekara guda. Kuɗin da aka ajiye ana jiran hukunci, buhunan geron da za su saya bana ba za su saya baɗi ba.

Zuwa kotu ma kuɗi ne. Akwai kuɗin mota, naka da na shaidunka. Akwai kuɗin lauya ga wanda ya ɗauka. Akwai ranakun aikin gona da na kasuwa da za a rasa. Wani lokaci a je a tarar an ɗage zama.

Shaidu suna tsufa, suna mantuwa, suna mutuwa. Magada ma haka. Idan magaji ya rasu kafin rabo, rabonsa ba ya faɗuwa, yana komawa ga nasa magadan. Malamai suna kiran wannan munasakha, wato gado cikin gado. Shari'ar da aka fara da mutum shida sai ta koma ta mutum ashirin.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne marasa ƙarfi. Matar mamaci za ta gama takabarta ta wata huɗu da kwana goma, ba ta da jari a hannu. Marayu suna bukatar abinci da magani da kuɗin makaranta yau, ba sai shekara mai zuwa ba. Mai ƙarfi a gida yana iya jira. Su ba za su iya ba.

Sannan ga zumunci. 'Yan'uwan da suka yi rantsuwa a kan juna gaban alƙali, da wuya su sake cin tuwo a kwano ɗaya. 'Ya'yansu ma su tashi da gabar.

Akwai jira na halal, kada ku haɗa shi da wannan. Idan matar mamaci tana da ciki, a Malikiyya ana dakatar da rabo har ta haihu, don a san rabon jaririn. Wannan jira yana da ranar ƙarewa.

ƊAUKAKA ƘARA

Hukuncin alƙalin farko ba lalle ne ya zama ƙarshe ba. Wanda bai gamsu ba yana iya ɗaukaka ƙara. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 277, ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha ikon duba ƙararrakin wasiyya da kyauta da waƙafi da gadon Musulmi. Daga can ana iya zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, har Kotun Ƙoli a Abuja. Ɗaukaka ƙara tana da wa'adi. Ka tambayi magatakarda tun ranar da aka yanke hukunci. Amma ka sani, kowane hawa ƙarin lokaci ne da ƙarin kuɗi.

Akwai wata tsohuwar shari'a da lauyoyi ke kira shari'ar Adesubokan da Yunusa. Wani Musulmi ya rubuta wasiyya a kan dokar Ingila ta 1837, ya fifita wasu 'ya'yansa. Ɗan da aka rage wa ya kai ƙara. A 1968 Babbar Kotu ta goyi bayansa bisa hukuncin Malikiyya. A 1971 Kotun Ƙoli ta rushe wannan hukunci, ta bar wasiyyar yadda take. Kun ga shekara 3 tsakanin hukunci da hukunci, kuma wanda ya ci da farko shi ya faɗi a ƙarshe.

Bayan haka jihohi irin su Kaduna da Kwara sun yi tasu dokar wasiyya, wadda ta bar wasiyyar Musulmi a ƙarƙashin shari'ar Musulunci. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Ilori ta tabbatar da soke wasiyyar wani Musulmi da ya nemi kauce wa rabon Musulunci. Darasin shi ne, takardar lauya ba lalle ta kare wasiyyar da ta saɓa wa ƙa'ida ba.

Ga maƙwabtanmu Kirista, dokar wasiyya ta gwamnati ce ke aiki. Dole a rubuta, mai wasiyya ya sa hannu a gaban shaidu biyu a lokaci ɗaya, su ma su sa hannu. Su ƙararsu Babbar Kotun Jiha take zuwa.

Idan mamaci ya bar kuɗi a banki, banki kan nemi takardar izini daga kotu kafin ya saki kuɗin. Idan wani ya shigar da ƙorafi a kan wasiyyar, takardar kan tsaya har a warware. Kuɗin suna nan, amma babu mai taɓa su.

TO, KADA A KAI ƘARA KE NAN?

A'a, ba haka nake nufi ba. Kotu domin jama'a aka yi ta. Idan aka ƙirƙiro wasiyya don a hana 'ya'ya mata gona, a kai ƙara. Idan wani ya haɗa takardar ƙarya don ya cinye dukiyar marayu, a kai ƙara. Idan magada suka danne wasiyya ta gaskiya, wanda aka yi wa ita shi ma yana da haƙƙin neman abinsa. Suratul Baƙara, aya ta 181, ta ɗora laifi a kan wanda ya canza wasiyya bayan ya ji ta. Iyayena mata, kada wani ya ce muku neman haƙƙi rashin kunya ne.

Abin da nake so shi ne, kafin ka tafi, ka yi wa kanka tambaya uku. Ina da dalilin da shari'a ke karɓa? Ina da shaidu? Abin da zan samu ya kai abin da za a rasa?

Sannan a fara gwada sulhu. A zauna da liman, da malamin da ya san ilmin rabon gado, da mai unguwa ko dagaci, da dattawan dangi. Sau da yawa, da zarar malami ya yi lissafi a fili kowa ya ga rabonsa, rigima ta mutu. Idan an daidaita, a rubuta, kowa ya sa hannu, a kai wa alƙali ya tabbatar.

Idan sulhu ya ƙi, akwai wata dabara. Magada su haɗa baki su roƙi alƙali a ware sulusin da ake jayayya a kansa, a raba sauran. A misalinmu, a ajiye shanu 8, a raba 16. Kowa ya kama nasa ya ci gaba da rayuwa. Idan hukunci ya fito, a san inda 8 ɗin za su.

SHAWARA GA MASU RAI

Rigakafi ya fi magani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku da kuka koyi karatu da rubutu, ga aikin da iliminku zai yi muku:

1. Ka yi wasiyya tun kana da lafiya. Kada ka bari sai ciwo ya kwantar da kai.
2. Kada ta wuce sulusi, kuma kada ka yi wa magaji.
3. Ka rubuta ta sarai, da boko ko da ajami. Ka faɗi sunan mutum, da abin da za a ba shi. Idan gona ce, ka faɗi iyakokinta. Ka sa kwanan wata.
4. Ka kira shaidu biyu adilai waɗanda ba su da rabo a ciki. A karanta a gabansu, ka ce su shaida, su sa hannu.
5. Ka rubuta bashin da ake binka da wanda kake bi, da jingina, da ajiyar mutane da ke hannunka.
6. Idan kyauta za ka yi, ka miƙa abin tun yanzu a gaban shaidu, ka kuma yi adalci tsakanin 'ya'yanka.
7. Ka sanar da iyalinka. Wasiyyar da aka ji daga bakin mai ita, da wuya a yi musun ta.
8. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a kan takardar gado sai ka karanta. Idan ta yi maka wuya, ka kai wa wanda ka amince da shi ya karanta maka.

Idan kuma aka yi rasuwa a gidanku, ku rubuta duk abin da mamaci ya bari tun da wuri, a gaban kowa, maza da mata. Kada a bar gado ya shekara ba a raba ba, ba tare da dalili ba.

Jama'a, nan zan tsaya. Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, za mu amsa gwargwadon iko. Abin da kuka ji, ku kai wa waɗanda ba su samu zuwa ba. Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya raya marayunmu, ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, ya sa mu cika da imani.